Yadda Sharhabilu Ya Wanke Shinkafar Suna

A cikin mahautan Talata Mafara babu wanda ya kai Sharhabilu iya fiɗa, babu kuma wanda ya kai shi cika baki. Fiɗar dai kowa ya gani da idonsa. Sauran daga bakinsa ake ji: shi ne ya raka shanu Legas ya gyara injin tirela da wuƙar fawa, shi ne ya nuna wa wani likitan dabbobi inda saifa take, shi ne wasu Sinawa suka roƙa ya zauna tare da su ya ƙi saboda ba su iya gaisuwa ba. Abokan sana'arsa sun daɗe da daina musu da shi, don musun ba ya rage komai sai lokacin ciniki.

Wata ranar Alhamis 'yarsa Jidda, wadda ta dawo gida don haihuwar fari, ta sauka lafiya, aka sami 'ya mace. Washegari mota ta zo daga Bakura. Alhaji Yari ne, mahaifin Naziru mijin Jidda, ya aiko da ragon suna da buhu uku na shinkafa, biyu fara ta tuwo, ɗaya ta dafawa. Alhaji Yari mutum ne mai ƙarancin magana wanda ya shekara arba'in yana noman shinkafa a fadama. Kana iya kushe hularsa ya yi maka shiru, amma ba a taɓa masa shinkafa.

Ranar Asabar maƙwabciyarsu Madam Beatrice ta shigo barka. Shekararta ashirin a garin tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, katanga ɗaya ce tsakanin gidajen, kuma ita da Barira matar Sharhabilu sun shaƙu har gishiri ta kan katangar suke miƙa wa juna. Barira ta nuna mata buhunan tana murna, ta ce bana mai jego za ta ci shinkafa safe da yamma, jinjirar ma in ta isa cin abinci da kunun shinkafa za a fara ta. Beatrice ta ce a dai riƙa sirkawa da gero da dawa. Ta bayyana musu cewa akwai wani sinadari da ake kira arsanik, mai kama da dangin ƙarfe, wanda ke cikin ƙasa da ruwa tun asali, kuma guba ne in ya yi yawa. Shinkafa, da yake a cikin ruwa take girma, ta fi sauran hatsi zuƙarsa, ko ta wace ƙasa ce. Ba ya kayar da mutum yau ko gobe, illarsa sai an daɗe ana ci, kuma ƙananan yara sun fi rauni a kansa. Ta ce rage shi ba wuya: a jiƙa ta ta kwana a zubar da ruwan, a wanke har ruwa ya yi haske, a dafa da ruwa mai tsabta mai yawa, kamar kwano biyar ga kwano ɗaya, sannan a tsiyaye a kwando.

Sharhabilu yana bayan ɗaki yana ba ragonsa dusa, wani farin rago da ya yi wata takwas yana kiwo don babbar Sallah. Ragon yana ta tunkuyar bokiti, saboda haka maganar a gutsuttsure ta iso masa: guba, ƙarfe, shinkafa, ruwa mai yawa. Waɗannan huɗun sun ishe shi. Kafin Beatrice ta kai zaure ya tare ta, ya shaida mata cewa shi ya san arsaniki tun yana Legas, kuma tun da aka sauke buhunan nan hancinsa ke gaya masa akwai magana.

"Baban Jidda, ba shi da wari, ba shi da launi, ba shi da ɗanɗano," in ji Beatrice. "Sai da na'ura ake gane shi, kuma ba wanda ya gwada shinkafar nan."

Ya ce na'ura ai don marasa hanci aka yi ta. Ya ja buhunan uku ya kulle a ɗakinsa, ya jefa makulli aljihu, ya yi shela a tsakar gida cewa a sunan jikarsa ba wanda za a ciyar da guba, kuma daga yau shinkafar suna ta bar hannun mata. Barira ta tuna masa cewa shekara talatin suna tare bai taɓa tafasa ko ruwan shayi ba. Ya ce shi ya sa ba a taɓa jin ya ƙona abinci ba.

Ranar Lahadi ya biya wajen mai gyaran rediyo ya ɓalle mayen ƙarfe daga cikin wata tsohuwar lasifika, ya tafi rumfar nama da kwano guda na shinkafar. Tunda ƙarfe ne, maye zai kama shi. Ya tara mahauta da masu sayen nama, ya yi bisimilla, ya tsoma mayen yana juyawa. Da ya ɗago, sai ga ɗan baƙin gari ya manne, ga kuma wani siririn abu mai tsini. Ya ɗaga shi sama kowa ya gani.

Abdu, wanda teburinsa ke kusa da nasa tun suna samari, ya karɓa ya duba ya ce wannan ai karyayyen bakin basilla ne, irin wadda ake ɗinke buhu da ita. Sharhabilu ya ce haka arsaniki ke komawa in ya ƙosa. Wani ya tambaya ko sunan ƙungiyar ƙwallon nan ne ta Turai, Sharhabilu ya ce daga gubar suka ari sunan. Kafin azahar labari ya zaga rumfuna cewa an kama guba a shinkafa har an ga haƙorinta. Murja mai shinkafa da wake, wadda ke da tukunya a bakin rumfar, ta wuni ba ta sayar da ko rabi ba. Ta zo da ludayinta ta tsaya a kansa, ta ce in ya sake ambaton shinkafa a inda take neman abinci, za ta gwada masa ko ludayi ma dangin ƙarfe ne. Sharhabilu ya gaya wa Abdu bayan ta tafi cewa haka ake yi wa duk mai ilimi.

Litinin da safe ya sake tare Beatrice a hanyarta ta zuwa aiki, ya yi kamar yana jarraba ta, ya ce ta maimaita masa zancen jiƙon nan ya ji ko ta riƙe daidai. Ta ce kwana ɗaya, a zubar da ruwan. Ya koma gida yana mamakin ƙarancin himmar 'yan boko. In kwana ɗaya yana ragewa, ai kwana uku zai kwashe duka har da na baɗi. Ya juye buhu biyu na farar shinkafa cikin tankin roba na tsakar gida, ya cika da ruwa, ya rufe, ya ɗaure murfin da robar taya, ya ɗora bulo biyu a kai don kada gubar ta sulale ta shiga iska. Watan zafi ne, tankin kuwa baƙi, kuma a tsakiyar rana yake.

Daga nan ya sa babbar riga ya hau mota sai Bakura, don a ganinsa bai dace a ce mutum yana noma guba surukinsa ya sani ya yi shiru ba.

Ya tarar da Alhaji Yari a gindin darbejiya a ƙofar gidansa, dattawa shida na zaune tare da shi, Naziru na gefe yana zuba musu ruwa. Aka gaisa, aka tambayi gida da mai jego da jinjira da zafi da kasuwa da gajiyar hanya, aka koma aka sake tambayar gida. Sai da gaisuwa ta ƙare sarai Sharhabilu ya kwance ƙullin hankicinsa, ya ajiye bakin basillar a kan tabarma, ya gabatar da shi a matsayin abin da aka kama cikin shinkafar Alhaji. Ya yi bayani mai tsawo, har da Legas a ciki.

Alhaji Yari ya dubi abin, ya dubi baƙonsa.

"Shekarata arba'in ina cin shinkahwar ga," ya ce a hankali. "Tsohona ya ci ta har ya kai casa'in."

"Da bai ci ba, Alhaji, da yanzu shina nan zaune da mu."

Wani dattijo ya ƙware da ruwa. Naziru ya sunkuyar da kai, ga uba ga suruki, ba wanda zai iya tanka wa. Alhaji Yari ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce zai zo suna ranar Alhamis da mutanensa. In aka nuna masa gubar a gaban jama'a, da hannunsa zai cinna wa rumbunsa wuta. In kuwa ba a nuna ba, to. Bai ƙarasa ba, ya ce a gaida gida.

Naziru ya bi surukinsa har tasha yana roƙo a ƙasa-ƙasa. Ya ce Baba bai taɓa faɗin abu bai yi ba, kuma in gidajen nan biyu suka ɓata, shi da Jidda ne a tsakiya. Sharhabilu ya dafa kafaɗarsa ya ce kada ya damu, ya dai tabbatar Alhaji ya taho da ashana.

A cikin mota ne ya lura cewa ya yi alkawarin nuna abin da bai san kamarsa ba. Basilla guda ba za ta ishi mutanen Bakura ba. Ana bukatar abin da zai yi ƙara, ya juya, ya fitar da gubar kowa na kallo. Suna wuce wani gini da ake yi a bakin hanya, sai ga amsa tana juyawa a gabansa.

Talata ranar kasuwar garin ce, ranar da ko mahauci mai zazzaɓi ke fitowa. Sharhabilu ya bar wa Abdu teburinsa ya nufi Maradun, inda Obed birkila, ɗan unguwarsu, ke gina wa wani shaguna. Obed yana da injin kwaɓa kankare, mai katuwar tukunyar ƙarfe da ke juyawa da dizal, da wani sitiyari a gefe da ake karkata ta a juye. Da ya ji abin da ake so a yi da injin, sai ya zauna a kan bulo ya nemi a maimaita masa. Ya ce injin nan siminti ya sani, bai san abinci ba. Sharhabilu ya ce aikin ceton rai ne, kuma ya tuna masa wanda ke ajiye masa ƙafar saniya kowace Kirsimeti. Obed ya sallama, da sharaɗin a jira shi ranar Alhamis ya zo ya kunna da kansa. Sharhabilu ya ce ya tuƙa wanda ya ninka wannan uku a Legas.

Ana ɗaure injin a bayan akori-kura Obed ya ɗaga murya ya ce akwai ragowar buhun siminti da ya ɓoye a cikin tukunyar, a fidda shi, a kankare ciki, a wanke sosai. A daidai lokacin Sharhabilu yana ba direba labarin Sinawa, ya kai wajen gaisuwar. Ya ɗaga hannu ya ce to, to, an ji.

Laraba tun da hantsi wani wari ya fara fita daga gidan Sharhabilu, mai tsami, irin wanda mutanen kirki ke cewa ba su san shi ba amma duk suka gane shi. Masu wucewa suka riƙa rage tafiya. Bayan azahar limamin unguwa ya yi sallama, ya toshe hanci da bakin rawani, ya gaisa, sannan ya tambaya cikin ladabi ko Malam Sharhabilu ya canza sana'a. Sharhabilu ya ji daɗin samun mai ilimi ɗan'uwansa. Ya sa mata suka shiga ɗaki, ya jawo Liman har gaban tankin, wanda ya kumbura yana wani gurnani daga ciki, ya ce gubar ce ke neman hanyar gudu. Ya sauke bulo, ya kwance robar.

Murfin ya tashi ya daki kwanon rufi ya faɗa gidan Beatrice. Kumfa ta yi tsiri ta sauka a gemun Liman. Kaji suka watse, jinjira ta tsala kuka, ruwa mai tsami da shinkafa suka malala har turken da aka ɗaure ragon Bakura. Kafin a gama goge wa Liman gemu da ba shi haƙuri, ragon ya sha ya ci iya cikinsa, ba wanda ya kula.

Da la'asar ragon suna ya kumbura kamar salkar ruwa. Ya tashi ya yi tafiya a karkace, ya zauna a kan gindinsa irin zaman kare, yana duban mutane ɗaya bayan ɗaya kamar mai son a tuna masa inda yake. Sharhabilu ya ce ga hujja nan Allah ya kawo har gida. Aka kira Abdu, ya latsa cikin ragon, ya ce ko wanda ya fara fawa jiya ya san dabbar da ta cika ciki da hatsi mai tsami. Ya ɗura masa kanwa da man gyaɗa, ya ce zai tashi, amma ba gobe ba. Liman, wanda har yanzu yake sansana gemunsa, ya ce dabbar da ba ta iya tsayuwa da ƙafafunta ba a yanka ta a suna.

Barira ta leƙo daga ɗaki ta nuna farin ragon bayan ɗaki da baki. Sharhabilu ya ce wannan yana da alkawari da babbar Sallah. Liman ya ce rago bai san lissafin wata ba. Sharhabilu ya kawo hujja uku, Liman ya rushe su yana tsaye, aka wuce wurin.

Yana zaune yana kallon ragonsa, Barira ta tara matan da suka zo aikin suna, suka kwashe shinkafar tankin a robobi da kwanduna. Ya ba da umarni a kai ta bayan gari a binne da zurfi. Barira ta ce, "To, Malam." Ko ba komai, ya ji sanyi a ransa cewa bayan shekara talatin matar nan ta fara jin magana. Saura buhu ɗaya, kuma shi ne na gaban jama'a.

Alhamis da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Mota uku suka zo daga Bakura, Alhaji Yari a gaba cikin farar shadda mai sitaci. Mutane suka tuɓe takalma suka tara a gefe, kusa da wani abu mai tsayi da aka lulluɓe da tampol. Aka yi addu'a, aka raɗa wa jinjira suna Taiba, aka raba goro da dabino. Aka yanka farin rago, Sharhabilu ya fiɗe shi da kansa cikin ɗan lokaci, don ko yana cikin baƙin ciki hannunsa ba ya manta aiki. Daga nan ya wanke hannu, ya mayar da babbar rigarsa, ya yaye tampol.

Ya yi jawabi. Ya ce abin da za su gani yau ko a Legas sai manya ke gani. Aka ɗaga buhun aka juye cikin tukunyar ta sama, ba wanda ya leƙa, masu ruwa suka zuba jarka shida. Abdu ya tuna masa cewa an ce a jira Obed. Ya ce ilimi ba ya jiran birkila. Ya kama hannun injin ya murza, sau biyu yana ƙi, a na uku ya kama da hayaƙi da ƙara, tukunya ta fara juyawa.

Ba a jima ba ruwan da ke fantsalowa daga bakin tukunyar ya koma toka-toka, ya yi kauri. Sharhabilu kansa sai da ya yi mamaki, don bai zaci gubar za ta amsa kira da wuri haka ba. Ya tara hannu ya ɗebo, ya zaga da shi gaban tabarmi yana cewa a duba da kyau, wannan ne mutanen Bakura ke ci shekara arba'in. Alhaji Yari ya tashi, ya tako a hankali har gaban tukunyar, ya tsaya yana kallo. Fuskarsa ta canza. Ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalin ashana, ya riƙe. Naziru ya rufe ido.

A nan ne babur ya tsaya, Obed ya diro yana ɗaga hannu yana faɗin wani abu da ƙarar inji ta haɗiye. Ya kutsa cikin mutane, ya tsinci wani yagaggen kwali da tukunyar ta tofo, ya ɗaga shi sama. Rubutun jikinsa bai goge ba.

"Baba Sharhabilu, ka fidda simintin da na ce?"

Sharhabilu ya ce wane siminti. Obed ya ce a kashe injin. Sharhabilu, wanda ya tuƙa wanda ya ninka wannan uku, ya duba gaba ya duba baya bai ga wurin kashewa ba, sai ya cafki sitiyarin nan na gefe ya murza da ƙarfinsa duka. Tukunya ta sunkuyo. Buhu guda na shinkafa da jarka shida na ruwa da rabin buhun siminti suka fito a tare. Kashin farko ya sami Alhaji Yari daga ƙirji zuwa ƙafa. Sauran ya bi gangare ya binne takalman jama'a gaba ɗaya. Sitiyarin kuma ya naɗe hannun babbar rigar Sharhabilu, ya ja, ya ja, har sai da mai rigar ya zame daga ciki ya bar masa ita, ya tsaya a gaban surukansa daga shi sai singileti da wando.

Obed ya kashe injin da yatsa ɗaya.

Ya ce duk mai son takalminsa ya nema yanzu, kafin abin ya kama. Dattawan garuruwan biyu suka naɗe riguna suka duƙa suna lalube cikin kwaɓin, wannan ya ciro na wancan, wani ya sami ƙafar hagu biyu. Murja, wadda ta zo kallo da ludayinta, ta zauna a bakin kwalbati tana dariya har da hawaye. Alhaji Yari kaɗai bai motsa ba. Ya bar shinkafa na gangarowa daga shaddarsa, ya ce a kira masa matar nan ta asibiti da aka ce daga bakinta zancen ya fito.

Beatrice ta fito daga gidanta tana goge hannu da zane, ta rusuna. Alhaji Yari ya gaishe ta cikakkiyar gaisuwa, har da tambayar maigidanta da yara, kamar ba siminti ke bushewa a jikinsa ba.

"Ɗiyata, hwaɗa mini gaskiya. Shinkahwata guba ta?"

"Baba, ba wanda zai iya faɗin abin da ke cikinta sai an kai ta gwaji. Abin da na gaya wa mata ya shafi kowace shinkafa, har ta kanti. A wanke, a dafa da ruwa mai yawa, a tsiyaye, kuma kada a ce kullum ita kaɗai za a ba yara."

Alhaji Yari ya ce haka tsohuwarsa take dafa ta, ta tsiyaye a kwando ta zubar da ruwan, matan yanzu ne suka ce ɓata lokaci ne. Ya roƙe ta in ta sami sarari ta zo Bakura ta maimaita wa matan gidansa. Sai ya juya ya miƙa wa Sharhabilu kwalin ashanar da ya jiƙe sharkaf, ya ce ya ajiye, wataƙila wata rana zai so ya koyi hura wuta.

Liman ne ya fara tambayar abin da ke ran kowa, wato me za a ci. Ba a rufe baki ba sai ga mata suna fitowa daga gidan Beatrice da manyan faranti. Waina ce, tari guda, mai zafi, ga miyar taushe, ga naman farin rago. Ashe bayan garin da Barira ta kai shinkafar tankin bai wuce tsallaken katanga ba. Sun wanke ta sau bakwai da ruwan burtsatse, suka kai inji aka niƙa, suka kashe tsamin da ruwan kanwa, tun asuba tanda biyar ke aiki. Jama'a suka zauna ba takalma suka ci. Alhaji Yari, cikin aron rigar Abdu wadda ta tsaya masa a gwiwa, ya ci goma sha ɗaya, ya ce shinkafar Bakura ko an wulaƙanta ta ba ta ba da kunya.

Sharhabilu ya yafa tampol ya matso kusa da Liman. Ya ce masa, yadda na kusa za su ji, dama tun farko waina ya nufa, jiƙon kwana biyu a baƙin tanki shi ne sirrin, mata ba su gane ba sai da ya nuna musu. Ya miƙa hannu zai ɗauki ɗaya, sai muryar Barira ta fito daga zaure.

"A ba Malam tashi shinkahwar da ya dahwa. Ga ta nan ƙohwar gida, ta hwara daskarewa."

Ta kuwa daskare. Obed ya kwashe abin da ya kwasu, saura ya zama wani tudu a bakin zaure, fari-fari da ƙwayoyin shinkafa, kaji na zuwa suna saran banza suna komawa. Silifa guda ta maƙale a tsakiya, ba wanda ya zo ya ce tasa ce. Sharhabilu ya kwana uku bai je rumfa ba, a na huɗu ya fito ya ce hutun suna ya yi.

Bayan mako guda akori-kura ta tsaya a ƙofar gidan da buhu biyu daga Bakura, an ɗinke bakinsu tsaf. Direban ya ce Alhaji ya ce a damƙa wa Malam Sharhabilu hannu da hannu. Sharhabilu ya hana a sauke sai da ya aika aka kira Abdu da Liman da Obed, har da Murja, don su ga yadda manya ke gane darajar juna. Ya ce ya san Alhaji zai yi tunani ya gano wanda ya buɗe masa ido. Ya zaro wuƙa ya farke buhun farko, sai yashi ya zubo. Ya farke na biyu, tsakuwa ce.

Direban ya gyara tsayuwa ya isar da saƙo. Alhaji yana gaisuwa, yana tambayar mai jego da Taiba. Ya ce tunda surukinsa gini yake yi da abin da aka aiko masa, ga cikon kayan aiki.

Sharhabilu ya duƙa ya ɗebi yashin, ya murza a tafin hannu, ya gyaɗa kai irin na wanda ya san yashi.

"Ka ce ma Alhaji na gode ƙwarai," ya ce. "Amma ka hwaɗa mai siminti bai iso ba."